Wutar da Yaya Ya Bi Har Damagaram

Yayana mai walda ne. A Kano ya koyi aikin, ya dawo gida Azare a tsakiyar shekarun tamanin, lokacin da aka gama ja wa unguwarmu wayar lantarki. Mahaifinmu ya riga ya rasu. Mu biyu muka rage wa Inna, shi da ni. Ni a lokacin ina gidan mijina a bayan layinmu, ina koyarwa a wata firamare, kuma hanyata ta makaranta ta gaban gidanmu take bi.

Inna tana da shanu da ta gada, suna hannun 'yan'uwanta Fulani wajen Jama'are. Su ta sa aka sayar aka sayo wa Yaya injin walda. Ƙanenta da muke kira Kawu, wanda yake zaune a wani ƙauye kusa da Katagum, ya zo takanas don ya hana ta. Ya ce saniya tana haihuwa, ƙarfe ba ya haihuwa. Inna ta ce ta ji, amma ɗanta ya iya abu, ba za ta zuba ido tana kallon hannunsa yana mutuwa ba. Aka fasa bangon zaure, aka yi rumfar kwano a ƙofar gida, shago ya samu.

Shekarun farko sun yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Da safe in zan wuce sai in tarar da shi a durƙushe, baƙin gilashi a fuska, tartsatsi yana zuba a gabansa. Yana yin ƙyamaren ƙarfe da tagogi da gadaje. Kafin damina manoma daga Gadau da Bulkachuwa su cika rumfar da garmunan shanu da amalanke masu karyayyar ƙafa. Ya yi aure, matarsa ta haifi mace, sannan namiji. Ranar da ya kafa wa ɗakin Inna fanka ta sama, ta zauna a ƙarƙashinta ta ƙi tashi har la'asar, tana dariya tana cewa iskar ta fi ta gindin tsamiya.

Kusa da rumfarsa akwai shagon wani Ibo da ya daɗe a Azare, Hausa a bakinsa kamar a nan aka yanke masa cibiya. Waya yake sayarwa da ƙwan lantarki da makunnai. Shi da Yaya tare suke cin abincin rana, kowa ya kawo na gidansa.

Lalacewar ba rana ɗaya ta zo ba. Da fari wutar ɗaukewa take yi ta dawo kafin ka gama mita. Sai ta koma yini. Daga baya aka shiga abin da muke kira rabin wuta: ƙwai ya kama, amma ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Wannan ta fi ɗaukewar ci wa Yaya rai. Injin zai yi ta gurnani, ya ɗora tsinken walda a kan ƙarfe, tsinken ya manne ya ƙi narkewa. Ya fizge, ya sake ɗorawa, ya sake mannewa. Na sha tsayawa ina kallonsa yana wannan har gumi ya jiƙe masa riga, ba ya ko ɗago kai ya amsa gaisuwata.

Sannan taransifomar unguwar ta ƙone. Da rana tsaka aka ji ƙara, hayaƙi ya tashi, wani baƙin mai ya yi ta ɗiga a gindin turakun. Ma'aikata suka zo suka kwance ta suka ɗora a mota, aka ce gyara za a kai ta. Wurin ya zauna fayau. Awaki suka mai da shi wajen kwanciya.

Wannan ya faru ne ana dab da shuka. Akwai wani dattijo daga Bulkachuwa da ya kawo garmarsa tun kafin ƙonewar. Duk ranar kasuwa sai ya zo ya duba, Yaya ya ba shi haƙuri. Ranar da aka yi ruwan farko ina wajen, na tsaya fakewa a rumfar. Dattijon ya iso a jiƙe, ya tsaya a kan garmar yana kallon inda ta tsage.

"Malam, ka yi haƙuri," in ji Yaya. "An ce satin nan za a dawo da taransifomar."

"Ba laifinka ba ne, ɗana. Amma ƙasa ta jiƙa. Bari in kai wa maƙera su ɗaure mini ita ko yaya ne."

Yaya da kansa ya ɗaga garmar ya ɗora masa a amalanke. Da ya dawo ya zauna a kan benci, ya sa hannuwansa tsakanin gwiwoyinsa. Ban taɓa ganin hannun nan a zaune ba sai ranar.

Mazan unguwa sun yi ta zarya ofishin lantarki. Sau ɗaya Yaya ya ba ni labarin yadda suka yi. Ya ce sun tarar da babban wajen yana fifita da kwali, don ofishin ma babu wuta. Mutumin bai yi musu wulaƙanci ba. Ya zaunar da su ya ce wutar daga nesa take tahowa, garuruwa da yawa suna sha kafin ta iso, mu kuma a wutsiyar layi muke. Ya ce ko an dawo da taransifoma, abin da ya rage ne zai zo mana. Yaya ya ce da ma zaginsu ya yi, da sun samu wanda za su yi fushi da shi.

An dawo da taransifomar bayan an yi girbi. Wutar ta zo kamar yadda mutumin ya faɗa, yau akwai, gobe da jibi babu, in ma ta zo rabi. Masu hali suka fara sayen janareta. Janaretan da zai iya ɗaukar injin walda ya fi ƙarfin Yaya, kuma shekarun nan ne na wahalar mai, motoci suna yini a layi. Ibon nan ya kwashe wayoyinsa ya tura ƙarƙashin kanta, ya cika shagon da fitilun ƙwai da lagwani da risho. Na ji shi yana ce wa Yaya, "Ni na bi abin da garin yake so. Kai ma nemi wani abu." Yaya ya gwada. Ya yi facin taya, ya yi dillancin gyaɗa a kasuwa. Ba ya iya ciniki, kunya take hana shi tsayawa a kan farashi. Ya rame, ya rage magana. Matarsa ta gaya mini a ɓoye cewa wani lokaci yakan cire tsumman da ya rufe injin, ya goge shi, ya mayar.

Wanda ya kawo maganar Nijar wani direban babbar mota ne, ɗan gidan Barebarin da suke ƙarshen layinmu, yana jigilar kaya zuwa Damagaram. Ranar wata Juma'a na shigo gida na tarar da shi a zaure da Yaya da Kawu, wanda ya zo duba Inna. Na gaishe su na zauna daga ciki inda nake jin su.

Direban ya ce a Damagaram yanzu wuta ba ta cika ɗaukewa ba, kuma masu walda ba su ishi garin ba. Ya ce abin da zai ba ka mamaki, wutar daga Najeriya aka ja musu ita, ya ga manyan turakun ƙarfe da idonsa suna tsallaka iyaka.

Kawu ya ce, "To mu da aka kafa mana turaku a ƙauye tun yaushe, ko waya ba a ɗaura ba har gara ta ci gindinsu, mu ba 'yan ƙasa ba ne?"

Direban ya ce shi dai abin da ya ji a rediyo, yarjejeniya ce tsakanin ƙasashen biyu. Kogin da muke samun wuta da shi ta ƙasarsu yake biyowa, in suka tare shi mu ma mun shiga uku, shi ya sa ake ba su.

Na zaci Yaya zai taya Kawu faɗa. Sai na ji ya ce, a hankali, "Ni ba na baƙin ciki don an ba su. Mutane ne kamarmu, suna da 'ya'ya. Abin da na kasa ganewa, yaya aka iya kai ta wata ƙasa lafiya, aka kasa kawo ta Azare." Can ya tambayi direban ko motarsa tana da wurin da inji zai shiga.

Inna ba ta hana shi ba. Da ya durƙusa a gabanta yana kame-kame, ita ta ƙarasa masa maganar. Ta ce, "Je ka. Na fi son in ji labarin kana aiki da in riƙa ganinka a zaune." Ya ce shekara ɗaya ce, da zarar wuta ta daidaita zai dawo. Ta ce Allah ya sa. Bayan motar ta tafi ta shiga ɗaki, ba ta ci abinci ba ranar.

Shekara ta zagayo, sai ga saƙo ta bakin direban cewa matarsa da yara su shirya su bi shi. Wannan tafiyar ce ta karya Inna. Jikokin nan a ɗakinta suke yini. Gidan ya zama daga ita sai wata 'yar'uwa da Kawu ya turo ta zauna da ita. Ni ina leƙowa safe da yamma, amma ina da nawa gidan. Hawan jini ya kama ta, ƙafafunta suka fara kumbura. Lokacin bazara ɗakin kwanon nan yakan yi zafi kamar tanda, sai mu fito da ita tsakar gida mu jiƙa zane mu lulluɓa mata.

Da na ga jikin yana ƙara tsanani, na roƙi mijina ya bar ni in je in gaya wa Yaya da bakina. Muka bi ta Haɗeja da Gumel, muka tsallaka ta Maigatari. Ban taɓa fita daga ƙasar nan ba sai ranar. Ban ga wani bambanci ba, gero ne irin namu, Hausa ce ake yi, sai dai kakin jami'ai da kuɗin.

Da muka isa Damagaram, tun daga bakin layinsu na ji ƙarar injin. Na tarar da shi a durƙushe a kan wani ƙaton ƙyaure, wasu suna jiran nasu a jingine da bango. Ya yi ƙiba, fuskarsa ta washe. Na yi murna da ganinsa haka, kuma a take na gane abin da na zo nema ba zan samu ba.

Da yamma ya ɗauke ni a babur ya kai ni bayan gari, ya nuna mini turakun. Manya ne, na ƙarfe, sun jeru daga kudu har inda ido ya ƙare.

"Kin gan ta nan," ya ce. "Daga gida take zuwa."

Na ce, "Yaya, Inna ba ta da lafiya. Ba irin wadda ka sani ba."

Ya juyo ya dube ni. Sannan ya tambaye ni, "Yaya wutar a can?"

Na so in yi masa ƙarya, na kasa. Na ce tana nan yadda ya bar ta, har ta fi lalacewa.

"To in na koma me zan ba yaran nan? Me zan ba ita Innar? Maganin da take sha daga nan yake fitowa." Ya share fuska da hannun riga. "Ki ce mata ina gama aikin da ke hannuna zan zo in gan ta. Ko ita ta yarda in ɗauko ta."

Na san ba za ta yarda ba. Ta sha faɗa cewa kusa da mahaifinmu za a binne ta. Haka kuwa ta ce da na dawo na gaya mata. Ta tambaye ni ko yana cin abinci, ko yaran sun shiga makaranta. Na ce sun shiga, har babbar ta fara gaishe ni da Faransanci. Ta yi murmushi, ta juya fuskarta bango.

Ya zo sau ɗaya da ƙaramar salla, ya yi 'yan kwanaki ya koma, don masu aiki suna jira. Inna ta rasu a bazarar da ta biyo baya, da hantsi, kanta a cinyata. Babu tarho a lokacin da za mu same shi. Sai da muka jira direban ya yi lodi, muka ba shi saƙo. Yaya ya iso bayan an yi sadakar uku. Kawu ya raka shi maƙabarta ya nuna masa wurin. Da suka dawo bai shiga ɗakinta ba, a zaure ya zauna yana karɓar gaisuwa, yana amsawa da kai.

Kafin ya koma muka yi maganar gidan. Na ce ko zai bar ɗakinsa a rufe, saboda wata rana. Ya ce a'a, a ba 'ya'yan Kawu da suke karatu a Azare su zauna. Rumfar kuma ya bar wa wani mai sayar da gawayi, wanda kasuwarsa ta buɗe a shekarun nan.

Na raka shi tasha. Muna tsaye ana ɗaure kaya a saman mota, ya ce mini idanunsa sun fara ba shi wahala, in ya yini yana aiki sai ya ji kamar an zuba masa yashi. Na ce ya je asibiti. Ya ce zai je. Yaron mota ya kira fasinja, ya shiga ya zauna a tsakiya inda ba na iya ganinsa sosai.

A can ya aurar da 'yarsa, ga wani ɗan garin. Ɗansa ne yake riƙe da shagon yanzu, shi kuma yana zaune a gefe, ba ya gani sai dishi-dishi. Yaran suna kirana gwaggo, suna da ladabi, amma Azare a wurinsu garin da babansu ya fito ne kawai. Na daina tambayarsa yaushe zai dawo, shi ma ya daina tambayata labarin wuta.