Ɗakin Inna a Cikin Leda

Sahabi taubashina ne, don haka zan faɗi halinsa ko ya so ko ya ƙi. Shagonsa yana Sabon Gari a Gusau, wani ɗan tsukuku da injin buga zanen gini ya cinye rabinsa. Injiniyoyi su kawo zane a waya, ya fitar musu a faffaɗar takarda, ya sa ta tsakanin leda biyu, ya bi da ita ta injin zafi har ta manne. Daga nan ko magini ya dafa ta da hannun siminti, ko ya ɗora mata kwanon tuwo, gogewa kawai za a yi.

Ciwonsa ɗaya, ba ya iya buga gida bai shiga cikinsa ba. Takarda na fitowa a hankali, yatsansa na bin zaure, ya ratsa tsakar gida, ya tsaya a wata taga yana shan iska. Sai ka gaji da sallama kafin ya dawo duniya. Ya zauna a benayen Tsafe da bai taɓa gani da ido ba, ya san ɗakin da zai fi sanyi da bazara a kowanne. Ni kuwa nakan kira shi mai gidaje, ɗan haya.

Amma akwai zane guda da yake nasa. Ya sami fuloti a Bungudu, wani injiniya abokinsa ya zana masa gida, da ɗaki na musamman don mahaifiyarsa, Inna Hanatu. Ita tana Mada a ɗakin ƙasa, duk damina tana jera kwanoni tana tarar yoyo. Ya yi mata alkawarin ɗakin da ruwa ba ya shiga. Ginin kuwa tafiyar hawainiya yake yi, yau buhun siminti, wani watan bulo, ƙarfin Inna kuma kullum raguwa yake. Abin yana cin sa, ko da ba ya faɗa.

Shekarar da bango ya kai taga, Inna ta ce a kai ta ta gani. Na bi su a mota. Sahabi ya shimfiɗa mata zanen, da shi ma ya manne a leda, a kan tarin bulo yana ta bayani, ita kuma ta juya shi kai a ƙasa.

"Wanga zane-zanen shi na ɗakin?" ta tambaya. "Kai ni in gani da ƙahwata."

Ya riƙe hannunta. A bakin ƙofar da ba ta da ƙyaure ta tuɓe takalmi, ta yi sallama, ta shiga. Ciyawa ta tsiro a ciki, sama kuma fayau, ba ko katako. Ta shimfiɗa mayafinta ta zauna, ta fara rabon wuri. Gado nan, randa can, a buga mata ƙusa kusa da taga don tasbaha. Tana faɗa yana gyaɗa kai, har ni ma na fara ganin labule yana motsi.

Muna haka hadari ya taso daga gabas. Sahabi ya rikice.

"Inna, mu koma mota, sanyi zai kama ki."

"Yanzu nis shigo," in ji ta. "Bari in huta tukuna. Miƙo mini takardag ga."

Ya miƙa mata. Ta ɗaga zanen da hannu biyu ta rufe kanta. Ruwa ya sauko yana buga ledar kamar a kan kwano, yana gangarewa ta gefe. Ta lumshe ido tana saurare, ta daɗe a haka.

"Sahabi," ta ce, "ɗakin ga bai yoyo. Allah shi yi ma albarka."

Yana tsaye ruwa na dukansa, kuka yake yi sosai. Ni da bakina ba ya mutuwa a kansa, ranar tausayinsa ne ya cika ni.

Inna ba ta ga daminar gaba ba. Masu zuwa gaisuwa suka yi ta cewa ayya, ba ta samu shiga ɗakinta ba. Sahabi bai yi musu da kowa ba, ni ce dai na kasa haƙuri. Na ce ta shiga, ina wurin, har ruwa ya same ta a ciki.