Gaisuwar Kawu ce ma'auni

Yayana mahauci ne a Talata Mafara, amma da ya wanke hannu daga nama sai ya ɗauki jitarsa mai kaurin murya, wadda ake ce wa bes. Wata shekara ya ƙwallafa rai a kan sauti mai walƙiya kamar rana a kan ruwa, wanda zai yi ta shawagi bayan an saki tsirkiya. Ya aro 'yan akwatuna uku da ake takawa da ƙafa su sauya muryar jita, ya jera a zaure, ya kasa zaɓa.

Ina zaune kawunmu na Damri ya yi sallama, daidai lokacin da yaya ya taɓa tsirkiya ɗaya. Dole ya ajiye jita ya durƙusa. Kawu ya tambayi kwana, gajiya, iyali, shanu, ruwan bana, har da ciwon ƙafar Inna. Aka gama duka, sautin nan bai mutu ba.

Yaya ya dubi akwatin da ke kunne, ya ce mini, "Wanda ya jure gaisuwar Kawu, shi zan ɗauka."

Kawu ya ce, "Ai ban tambayi mutanen Maradun ba tukuna."