Tarihin Injiniya, Wadda Ta Mayar da Tattaka Makamashi

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi marigayiyar, wadda daga baya jama'a suka fi sani da laƙabin Injiniya, a shekarar 1958, a garin kakanninta da ke bakin kogi, inda akasarin mutane ke rayuwa da noman shinkafa da masara. Mahaifinta manomi ne mai rufin asiri, mahaifiyarta kuwa tela ce da ke ɗinki a ɗakin gaba na gidansu. Ita ce 'yar fari, kuma ta yi shekara uku ita kaɗai a gaban iyayenta kafin a haifi ƙanwarta a 1961, wadda daga ita Allah bai ƙara ba su haihuwa ba.

Ƙanwar ta taso da ciwon ƙirji. Kowace shekara bayan girbi, manoma kan cinna wa tattakar shinkafa da karan masara wuta a gonaki domin share fili, hayaƙi ya lulluɓe garin na tsawon makonni, numfashin ƙaramar ya riƙa sarƙewa. A irin wannan lokaci mahaifiyar kan rufe keken ɗinki ta rungume ta, mahaifin ya baro gona da wuri, ita kuwa babbar a aike ta kantin magani. 'Yan uwa sun ruwaito cewa tana da shekara bakwai ta koyi tarin ƙarya, ta tsaya a ƙofar ɗaki tana yi, har mahaifiyar ta leƙo ta ce, "Ke lafiyarki ƙalau, je ki ɗebo ruwa." An ce daga ranar ba a sake jin ta nemi lallashi wurin kowa ba.

Karatu

Ta shiga makarantar firamare a 1965, ta wuce sakandaren 'yan mata a 1972, kuma a duk tsawon karatunta ba a taɓa ture ta daga na ɗaya ba. Sai dai duk sa'ad da ta kawo sakamakon jarrabawa gida, mahaifin kan ce madalla, sannan ya tambaye ta ko ta yi wa ƙanwarta tsaraba. Ƙanwar ba ta yi nisa a karatu ba saboda lalurarta, amma Allah ya ba ta fara'a da farin jini, ta yadda in ta zauna a ƙofar gida sai ka rantse rabo ake yi.

A 1977 marigayiyar ta samu gurbi a kwalejin fasaha, sashen injina, inda mata ba su kai a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Aikin da ta gabatar na kammala karatu a 1981 wata na'ura ce mai daddatsa tattaka. Da malamanta suka tambaye ta dalilin zaɓen wannan aiki, sai ta ce tana so a daina ƙona gonaki ne domin kowa ya huta da jinya.

Aiki, aure da zuri'a

Ta kama aiki a wani kamfanin casar shinkafa a 1982 a matsayin mai kula da injina, inda leburori suka laƙaba mata sunan da ya bi ta har ƙarshen rayuwarta. A 1984 ta auri wani malamin lissafi, mutum mai haƙuri da ƙarancin magana, suka haifi ɗa namiji a 1985, mace a 1988, namiji a 1991, sai autarsu mace a 1995.

A 1990 mijin ƙanwarta ya rasu ba su samu haihuwa ba. Bisa shawarar mijin marigayiyar, aka ɗauko ƙanwar ta zauna a ɗakin baya na gidan, ta karɓi girki da rainon yara, tunda aikin yayarta na kai ta yamma. Yaran suka taso suna kiran ta Inna. Mahaifiyarsu kuwa, da yake kullum suna jin ma'aikata a ƙofa suna tambaya ko Injiniya na nan, sai suka ɗauka shi ne sunanta, suka riƙa kiran ta da shi. Da farko abin dariya ya ba ta, ba ta hana ba. Sa'ad da ta so hanawa, bakin yara ya riga ya saba.

Kafa masana'anta

A 1996 ta ajiye aiki, ta kama hayar wani tsohon sito a bayan gari, ta kafa injina uku. Na farko yana niƙe tattaka da kara su zama gari, na biyu yana busar da garin, na uku kuma yana danna shi da ƙarfi ta cikin wani faifan ƙarfe mai huji-huji, ya fito da zafi a matsayin 'yan ƙwayoyi masu tauri, kowace kamar gaɓar ɗan yatsa, waɗanda ake hura wuta da su maimakon itace ko gawayi.

Shekaru ukun farko na jarrabawa ne. Yashin da ke zuwa cikin tattaka yana cinye faifan ƙarfen cikin ƙanƙanin lokaci. In garin ya cika danshi ƙwayoyin su fito kamar ƙullu, in ya cika bushewa su marmashe a buhu. Tokar tattakar shinkafa kuma takan daskare a murhu ta toshe iska. Da gwaji a kan gwaji ta gano cewa tankaɗe yashin, da gauraya tattakar da karan masara da garin katako, na magance mafi yawan matsalolin. A 1999 gidajen burodi biyu da wata makarantar kwana suka fara saye.

Sana'ar tana da lokaci, domin wajibi ne a saye tattaka kafin manoma su ƙona ta. Saboda haka kowace shekara marigayiyar kan yi wata uku a ƙauyuka tana bin gonaki da mota da ma'auni, ta dawo gida ta tarar an yi zazzaɓi an warke, an cire haƙori, an canja aji, duk a hannun Inna. Mijinta ya rasu a 2001, nauyin gida da na masana'anta ya koma kanta.

Yadda sunan ya samo asali

Duk da nasarar da aka samu a gidajen burodi, matan gida sun ƙi ƙwayoyin, domin ba sa ci da kyau a murhun da suka saba. Marigayiyar ta ƙera wani murhun ƙarfe mai ƙofofin iska, amma ya yi shekara a sito babu mai tayawa. A 2003 Inna ta ɗauki guda ta ajiye a ƙofar gida ta ɗora tukunya. Matan unguwa, waɗanda suka san cewa ko hayaƙin ashana yana tayar mata da ciwo, suka gan ta zaune dab da wuta tana hira ba tari. Kafin shekara ta zagayo, ɗakin gaba ya zama shago, masu sayar da abinci na zuwa daga unguwanni masu nisa, kuma duk garin ba a kiran hajar da wani suna sai gawayin Inna.

Wannan suna ya tsaya wa marigayiyar a rai. A 2006 ta sa aka buga "Makamashin Injiniya" da manyan haruffa a jikin kowane buhu, aka kuma sanar a rediyo, amma bakin jama'a bai juya ba. Autarta ta ba da labarin cewa wata rana ita da mahaifiyarta suna tsaye a wani kanti sai wata mata ta nemi buhun gawayin Inna. Marigayiyar ta juya ta ce mata, "Ni ce nake yin sa." Matar ta dube ta da fara'a ta ce, "Allah sarki, ke ma wurin Inna kike aiki? Don Allah ki gaishe ta."

Shekarun saɓani

A 2008 babban ɗanta ya kammala karatun harhaɗa magunguna. Ranar da ya karɓo takardar shaidarsa, ya shigo gida ya wuce falo inda mahaifiyarsa ke zaune, ya nufi ɗakin girki ya ɗora takardar a cinyar Inna, sannan ya dawo ya nuna mata. A makon da ya biyo baya marigayiyar ta rufe shagon gida, ta kama wa ƙanwarta wani ɗan gida a bayan kasuwa, ta shaida wa dangi cewa ta yi hakan ne domin Inna ta huta. Ranar tashi, Inna ta same ta a tsakar gida ta ce, "Yaya, laifin me na yi?" Ta amsa da cewa, "Ba ki yi komai ba. Ke ai ba kya yin komai, komai ne ke zuwa wurinki."

Abin da marigayiyar ta yi fata bai tabbata ba. Manyan 'ya'yan uku suka mayar da gidan bayan kasuwa wurin yininsu, suna dawowa da yamma a ƙoshe, suna cin loma biyu a gabanta don kunya. Ta yi wa babban tayin shugabancin masana'anta bisa sharaɗin ya rage zuwa can, ya yi godiya ya buɗe kantin maganinsa. Ta biyun, da ta haifi jikan farko a 2012, daga asibiti gidan Inna ta wuce da jaririn, sai da aka kwana aka kawo wa kakarsa shi ta gani. Autar kaɗai ta iya riƙewa, tana ɗauko ta daga makaranta zuwa masana'anta, inda yarinyar ta koyi gane danshin gari da tafin hannu da jin lafiyar inji daga ƙararsa, amma ita ma ranar hutu ba a ganin ta sai a bayan kasuwa.

Cinikin matan gida ya ja baya bayan rufe shagon, har aka sallami wasu ma'aikata. Dangi sun yi ƙoƙarin sulhu sau da dama ba a dace ba, domin marigayiyar kan ce babu faɗa balle a yi sulhu. A duk tsawon shekarun nan Inna ba ta taɓa kai ƙara wurin kowa ba. Ta ci gaba da sayen buhunta a kanti kamar kowa, tana kuma nuna wa mata yadda ake hura murhun. Da labarin ya kai kunnen yayarta, sai ya ƙara mata ɓacin rai, har aka ji ta tana cewa, "Ko fushin ma ba za ta taya ni ba."

Shekarun ƙarshe

A 2015 autar, wadda a lokacin take karatun injina tana kuma taimakawa a ofis, ta kawo labarin cewa wani sabon kamfani na shirin buga "Gawayin Inna" a buhunansa, tunda babu wanda ya mallaki sunan a hukumance. Marigayiyar ta yi kwana biyu ba ta cin abincin kirki. A rana ta uku ta je ta yi wa sunan rajista da kanta, ta ba da umarnin a sauya buhuna, sannan ta sa direba ya kai ta bayan kasuwa, karo na farko cikin shekara bakwai. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Kasuwanci ya kawo ni, ba zumunci ba." Inna ta shimfiɗa tabarma ta ce, "To, Yaya, zauna ki ci abinci don kasuwanci." Ta zauna ta ci.

Daga nan aka sake buɗe shagon, ciniki ya farfaɗo, masana'antar ta ƙara injina, kuma ƙauyuka da dama na gefen kogin suka daina ƙona gonaki, tunda tattaka ta zama abin sayarwa. A 2018 ƙungiyar manoma ta karrama ta, ta kuma miƙa ragamar aiki ga autarta. Zumunci tsakanin 'yan uwan biyu ya dawo, sai dai waɗanda suka san marigayiyar sun shaida cewa har a lokacin, in jikoki suka shigo suka fara rugawa wurin Inna, takan kawar da kai ta hau gyara abin da bai lalace ba.

Rashin lafiya da rasuwa

A 2021 ciwon ƙoda ya kwantar da ita. Inna ta rufe gidanta ta dawo ɗakin baya domin jinya, 'ya'yan huɗu kuma suka riƙa zuwa kullum tare da iyalansu, gidan ya cika kamar yadda bai taɓa cika ba. Wata safiya, Inna na shafa mata mai a ƙafa, ana jin hayaniyar jikoki a tsakar gida, sai marigayiyar ta ce, "Ke suke zuwa gani." Inna ta ce, "To, bari in koma gidana mu gani." Marigayiyar ta dubi rufi ta ce, "A'a, zauna. Ba na son in sani."

Allah ya yi mata rasuwa a gidanta a farkon shekarar 2022, tana da shekara sittin da uku, aka yi mata sutura aka binne ta a ranar, a maƙabartar da ke kan hanyar masana'anta, kusa da kabarin mijinta. Ma'aikata da manoma da masu gidajen burodi sun halarci jana'izar, injina kuma suka yi kwana uku a kashe.

Ta rasu ta bar 'ya'ya huɗu: babban, mai kantin magani; ta biyu, malamar makaranta; na uku, ma'aikacin gidan ruwa; da autar, shugabar masana'anta; tare da jikoki tara da ƙanwarta. A kwanakin zaman makoki, masu ta'aziyya da yawa, musamman mata, sun riƙa wuce 'ya'yan suna nufar Inna kai tsaye, ita kuwa ta zauna a bakin ƙofar ɗakin baya tana mayar da kowa falo, tana cewa, "Ga 'ya'yanta can, su za ku fara yi wa." Allah ya gafarta mata kurakuranta, ya haskaka makwancinta, ya albarkaci abin da ta bari.