Telan da Ba Ya Yar da Tsohuwar Tuta

Kafin rana ta yi zafi, Baba Tela ya riga ya share ƙofar shago, ya ɗiga wa keken ɗinkinsa mai, ya maƙala tabaraun nan nasa da aka ɗaure wa ƙafa da zare. Shagona na gyaran agogo yana manne da nasa, kuma abin kunya, ni mai agogo, da ƙarar kekensa nake sanin lokacin aiki ya yi. Ba ya ɗinka riga, ba ya ɗinka wando. Tutar ƙasa yake ɗinkawa: ta makaranta, ta kotu, ta asibiti, har 'yan ƙananan da ake kafawa a kan tebur.

Ɗinkinsa ba ya ɓuya, domin bakin da iska ke kaɗawa ninki biyu yake yi masa, ta nan tuta ke fara yagewa. Amma abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne sharaɗinsa: ba ya ba da sabuwa sai an kawo masa tsohuwar. Ya taɓa ganin wani yana goge gilashin mota da tsohuwar tuta, tun ranar ya kafe a kan haka. Ya wanke, ya goge, ya ninke, ya jera a babban akwatin ƙarfe, kuma kowace ya san inda ta fito.

Matarsa Inna kan tsokane shi in ta kawo abinci: "Malam, ko ni ba ka lallaɓa ni kamar tsumman nan."

"Ke ai ba ki koɗe ba tukuna," in ji shi.

Bara ganinsa ya fara dushewa, likita ya ce ya ajiye allura. Ana cikin haka wata dattijuwa ta zo rungume da ƙunshi. Ɗanta ɗan kwana-kwana ne, mai kashe gobara, ya rasu a bakin aiki shekarun baya. Tutar da aka lulluɓe gawarsa da ita aka ba ta, ta adana a adaka, sai ga ɓera ya cinye gefe guda.

"Baba, ka taimake ni. Ita kaɗai ta rage mini."

"Baiwar Allah, in sa 'yata ta ɗinka miki sabuwa?"

"Sabuwa ba ta taɓa jikinsa ba."

Baba ya shafa ramin da ɓeran ya yi. Launin ya dushe, sabon yadi zai fito fili kamar bare a taro. Can ya tambaye ta makarantar da yaron ya yi yana ƙarami. Ta ce firamaren bayan tasha. Ya ce ta je, zai aiko mata.

Inna ta ce, "Likita fa ya hana, Malam."

"Na ji. Wannan ce ta ƙarshe."

Da idona na ga aikin nan. Ya zazzage akwatin har ƙasa, ya zaɓo wata tsohuwar tuta ya yanko. Bai hau keke ba, da hannu ya yi, a bakin ƙofa inda hasken safe ke faɗowa. Ni nake zura masa zare da madubin aikina. Idonsa na zubar da ruwa, ya share ya ci gaba. In yatsansa ya ji ɗinkin ya karkace, sai ya farke ya sake. Na ce masa ya huta, ya ce in kula da agogona.

Baba, kai ne ka nuna mini cewa girmama ƙasa ba a baki yake ba. Masu jawabi sun tsaya ƙarƙashin ɗinkinka an tafa musu, ba wanda ya taɓa tambayar hannun da ya yi kalmasar bakin tutar. Wannan yana yi mini ciwo, shi ya sa na rubuta.

Da dattijuwar ta dawo, ta shimfiɗa tutar a teburin yanka, ta duba sama ta duba ƙasa, ba ta ga ramin ba. Baba ya nuna mata wurin, ta ɗora yatsa.

"Daga tutar makarantarsu na yanko, ta zamaninsu. A ƙarƙashinta ɗanki yake yin layi kullum da safe."

Ta kifa fuska a kan facin, ta daɗe ba ta ɗago ba. Inna ta juya tana gyara mayafi, ni ma na koma shago ba don ina da aiki ba.

Yanzu Baba ya ajiye allura da gaske. Mun gode, gwanin kalmasa, Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa ido lafiya. Ku kuma, ku riƙe aikinku kamar yadda ya riƙe nasa. In tutar wurin aikinku ta yage, kada ku goge tebur da ita. Ku kawo. 'Yarsa na kan keken, akwatin na nan, sharaɗin kuwa bai canza ba.