Silifas ƙafa ɗaya a layin asibiti

"Wai wane ne mai silifas ƙafa ɗayan nan?" Haka na ɗaga murya yau da safe a ƙaramin asibitin unguwarmu, nan Dutsin-Ma.

Kun dai san yadda muke layi: ka jera takalminka, ka koma inuwa ka zauna. Tun da 'yan gudun hijira suka cika gari, layin takalman nan har bakin titi yake kaiwa, ma'aikaciya kuwa ɗaya tal. Ga ɗiyata da zazzaɓi, ga raina a ɓace.

A zatona wayo ne, mutum ya raba takalminsa ya kama layi biyu.

Wani dattijo ya ɗaga hannu. "Nawa ne, ɗana."

"To Baba, ina ɗayan?"

"Yana can ƙauyenmu bayan Wurma, inda ya fice min ranar da muka gudo. In za ka je ka ɗauko, wallahi na bar maka layina."

Jama'a suka kwashe da dariya. Kunya ta rufe ni, na ruga na kwaso takalmana na ba shi.

Sai da na zauna na tuna ashe su ne layina! Kafin in waiwaya an cike gurbin.

Baba ya nuna silifas ɗinsa. "Ga naka can. Shiga da yarinyar."

Ga ni gida da silifas ɗinsa ƙafa ɗaya. Ku faɗa min, ni ɗan gari da shi baƙo, wa ya sauki wani?