Funkason Inna

Ina 'yar shekara bakwai a Gure, wajen 1935, cikina ya kumbura, ƙafafuna suka tsotse, zawo ya ƙi barina. Innata funkason alkama take soya wa fataken Damagaram, ni nake cin gutsattsarin. Da ta ga ina ƙarewa, sai ta daina ba ni tuwon hatsi, ta riƙa ware mini funkaso biyu.

"Ci, 'yata, ki samu ƙarfi," take cewa.

In na ci, cikin ya murɗa, ta rungume ni tana kuka. An sha rubutu, wanzami ya yi tsaga, ba sauƙi. Sai da na yi jikoki lokotoro a asibiti ya ce jikina ne ba ya karɓar alkama. Lokacin Inna ta daɗe da rasuwa.