Sunaye Shida a Kan Dutsen Yayata

Mu a Rogozar ba ma jira sai mutuwa ta zo kafin mu nemi dutsen kabari. Miji da mata na aurar da 'ya'ya sai su sayi nasu, a sassaƙa sunayensu da shekarar haihuwa, a bar gurbin ɗaya shekarar. Duk wani dutse da ke maƙabartarmu, shekara arba'in, hannun Arsa Kojin ne ya rubuta shi. Mijin yayata Persida ne, mutum mai sanyin hali har ya yi yawa. Ni Lepa ban gaji haƙurin gidanmu ba, don haka ni zan ba da labarinsa, tunda shi ko an matse bakinsa ba zai bayar ba.

Persida ta yi shekaru tana kiwon agwagi kafin ta sayi dutsen da take so, fari tas, mai santsi, kaurinsa yatsu uku. Ta jingine shi a rumfar aikin Arsa ta rufe da bargo. Kullum tana ce masa ya rubuta, shi kuma yana cewa sai gobe. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Ana nan aka yanka mana mazaɓa, ƙauyuka tara a gefen kogin Tisa, aka ce mu tura mutum ɗaya majalisar lardi. Muka tura Likita Zarin, likitan dabbobi, domin ya yi alkawarin ruwa. Ruwan famfonmu kalarsa ɗaya da shayi, ga wari, wani lokaci in ka kusantar da ashana sai bakin famfon ya kama da wuta. Zarin ya sa aka tayar da bango huɗu a bayan makaranta, wai ɗakin tace ruwa. Saura kwana uku a yanke ƙyallen buɗe ɗakin aka tuna babu allon da za a manna. Lokacin takunkumi ne, ko sabulu sai da hanya, balle dutse. Sai ga Zarin a rumfar Arsa, ya ɗaga bargo.

"Malam Arsa, ara mana wannan na mako ɗaya. Namu na hanya."

"Ranka ya daɗe, na uwargida ne fa."

"Haba! Dubi matar nan yadda take tafiya kamar budurwa. Saurin me take yi? Ko kai ne ka ƙosa?"

Aka kwashe da dariya, har da Arsa. A sama ya sassaƙa sunan Zarin, a ƙasa kuma layi biyu: "Da ƙoƙarinsa da juriyarsa ruwan sha mai tsabta ya iso garinmu." Aka dafa miyar kifi mai barkono a manyan tukwane, makaɗa suka zo, aka yi tafi. Ruwan da aka dafa miyar da shi, Persida ce ta ɗauko shi daga rijiyar ƙauyen gaba, tafiyar kilomita shida, a ɗan amalanken da take ɗaura wa kekenta.

Mako ya wuce, shekara ta wuce. Da Arsa ya je tambaya, wani magatakarda ya ce masa abin da aka manna a ginin gwamnati ya zama na gwamnati. Arsa ya cire hula ya yi godiya. Godiya fa! Da na ji, sai da na yi jifa da tsintsiyar da ke hannuna.

Zaɓe na biyu Zarin ya sha ƙasa, Gavra mai gidan mai ya hau. Shi ya sa wa ɗakin ƙofa, kuma ya ce ba zai yanke ƙyalle a ƙarƙashin sunan abokin gabarsa ba. A kankare, a rubuta nasa.

Na tsare Arsa a bakin rumfa. "Yaya Arsa, in ka taɓa dutsen nan ka zama ɗan amshin shata. Ka ce ba ka yi!"

"Lepa, in ban yi ba daga birni za su kawo mai inji. Inji ba ya tausayin dutse, sau ɗaya zai cinye rabin yatsa. Ni da hannu zan bi shi a hankali."

Har yau haushin maganar nan nake ji. Sun san inda suka kama shi. Kowace shekara huɗu sai ya ɗauki tsani da bokitin yashi, ya hau ya goge dutsen matarsa da hannunsa, don kada wani ya goge shi da mugunta.

Bayan Gavra aka yi lauya Olgitsa. Mata muka yi mata rawa a titi, muka ce tamu ta samu. Ta yi wa ɗakin fenti shuɗi, ta koma birni, ba mu sake ganinta ba sai a talabijin. Sannan Zarin ya dawo, ya sauya sheƙa zuwa jam'iyyar da ya yi shekara takwas yana zagi, ya kuma ce wannan karon a zurfafa haruffan don kada su gogu da sauƙi. Bayansa surukin Gavra, wanda ya binne bututu daga ɗakin zuwa tsakiyar gonar masara, inda har yau yake kwance bai haɗu da komai ba. Na ƙarshensu wani matashi ne, Nemanya Bokshan, da bai iya faɗin sunan ƙauyenmu daidai ba. Duk kanwar ja ce. Layin ƙasa kuwa babu wanda ya taɓa cewa a canja, kowa ya ga ya dace da shi. Ko Olgitsa ba ta damu ba, ta ce wa ke karanta ƙasan allo.

In kana son tarihin mazaɓarmu, ba sai ka je ɗakin karatu ba. Shafa saman dutsen nan kawai. Wajen sunan ya lotsa kamar akushi.

Duk tsawon shekarun nan Persida tana kan kekenta. Litinin da Alhamis, jarkoki takwas, biyu na gidanta, sauran na tsofaffin layinmu da ba sa iya zuwa rijiya. Ƙanƙara ko rana, ba ta fasa ba. In ta biyo ta bayan makaranta sai ta tsaya ta leƙa allon, ta dawo tana tsokanar mijinta.

"Tsoho, wa ke kwance a kabarina bana?"

"Ɗan majalisa ne, uwargida. Ki yi haƙuri, haya yake."

"To ka ce masa ya rage mini wurin sa kai."

Da kaka, ana cire masara, zuciyarta ta tsaya. A hanyar rijiya aka same ta zaune a gindin bishiya, jarkoki cike. Muka kafa mata gicciyen katako. A al'adarmu ranar cika shekara ake kafa dutse, fada, wato limamin coci, ya yi addu'a, a raba dafaffiyar alkama. Matar da mijinta ya rubuta wa gari guda duwatsu, ita ce za ta cika shekara da katako a kanta. Mata suka fara magana a shagon burodi, ba da mugun nufi ba, amma ina ji. 'Ya'yanta suka ce za su aiko da sabo daga Jamus. Arsa ya ce a'a, ita wancan ta zaɓa.

Saura wata biyu ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci, na raka shi ofishin Bokshan. Muka tarar ana kwashe kujeru. Ashe an soke mazaɓu, daga yanzu jam'iyya za a zaɓa, ba mutum ba.

"Baba, ai mazaɓar ma babu ita yanzu," in ji Bokshan, idonsa na kan waya. "Ba hurumina ba ne."

Na ce, "Ɗan nan, sunanka fa ke jiki."

"To ku bar shi mana, Inna. Tarihi ne."

Tarihi! Na ce masa uwata ta haife ni kafin a haifi jam'iyyarsa, kuma ruwan da ya wanke hannu da shi ranar yanke ƙyalle yayata ce ta turo shi. Arsa yana ta jan hannun rigata yana ba yaron haƙuri.

A motar komawa na ce, "Shekara ashirin da huɗu suna cewa na gwamnati ne. Yau sun ce ba na kowa ba ne. Abin da ba na kowa ba, mai shi ya ɗauki abinsa."

Ranar kasuwa, da rana tsaka, muka je da tsani. Na so kowa ya gani. Tsofaffin layinmu suka fito suka tsaya suna kallo. Arsa ya kwance ƙusoshi huɗun da ke riƙe da allon, muka kwantar da dutsen a kan bargo cikin amalanken Persida. Ya auna wajen sunan. Bai kai kaurin ƙaramin yatsa ba, ga shi sai an sake gogewa kafin a rubuta.

"In na sa guduma zai tsage," ya ce.

Bai sa ba. Mako biyu yana goge Bokshan da yashi mai laushi. Sannan ya wasa wani siririn ƙarfe, ya riƙa jan kowane harafi da ƙarfin yatsu, kamar mai zane a jikin ƙwarya. Harafi ɗaya a yini, wani lokacin rabi. Kullum ina kai masa abinci, in tarar bai ci na jiya ba. A harafi na ƙarshe wata 'yar tsaga kamar gashi ta fito daga gefe, ta yi tafiyar rabin yatsa, ta tsaya. Shi ma ya tsaya, sannan ya ƙarasa harafin a hankali.

Da ya gama na duba. Ga sunanta a cikin lotsawar, ba zurfi, sai ka matso kake karantawa. Nasa bai samu wuri ba, ya ce ba komai, katako ya ishe shi. Na nuna layin ƙasa.

"Wannan fa? Goge ƙaryar nan, Yaya Arsa. Ba za ta kwana a kan yayata ba."

Ya ɗago ya dube ni, irin kallon da bai taɓa yi mini ba.

"Sau shida na hau tsani na rubuta sunan maƙaryaci a kan maganar nan. Ƙasan nan da kaurinsa, zan gyara ta koma ta mace. Amma ba zan goge ta ba ranar da ta zama gaskiya."

Na juya masa baya, don ba na kuka a gaban mutane.

Ranar cika shekara fada ya karanta dutsen da ƙarfi, daga sunan har ƙasa: Persida Kojin, da ƙoƙarinta da juriyarta ruwan sha mai tsabta ya iso garinmu. Tsofaffin layinmu suka amsa da amin, ko da yake ba addu'a ba ce.

Ɗakin tace ruwan yana nan da fentinsa shuɗi da ramukan ƙusa huɗu. Famfo yana nan yana zubo shayi. Litinin da Alhamis yanzu ni ke tura keken, Arsa na riƙe amalanken ta baya, kuma jarkoki shida kawai muke iyawa.